Yadda Ake Karatun Tsarin Kwamfuta da Harshen Asembili a Jami'a Ba Tare da Hadda Ba

Idan zangon karatu ya kai tsakiya, akwai kwas ɗaya da ɗaliban kimiyyar kwamfuta suke yawan kuka da shi, wato tsarin ginin kwamfuta da harshen asembili, harshen shirye-shiryen da ya fi kusa da umarnin da injin kansa yake ganewa. Ɗalibin da hannunsa ya faɗa da Python ko Java, sai a ce ya tara lambobi daga 1 zuwa 10 da asembili, ya yi awa biyu a gaban allo bai ga komai ba. Ni ma na bi ta nan. Tes ɗinmu na farko na shiga da handawut a kaina, shafi bayan shafi. Malam ya ba mu layi bakwai ya ce mu faɗi abin da zai rage a cikin AX, wani ɗan wurin ajiya a cikin furosesa, bayan layi na ƙarshe, na rasa ta inda zan kama. Abin da ya fitar da ni daga baya littafin rubutu ne mai layi da fensir. Wannan kwas ba a haddace shi, bin sawunsa ake yi taki ɗaya bayan ɗaya, har ka riƙa sanin abin da injin zai yi kafin ya yi.

Zan yi misalan da furosesar Intel 8086, wadda ta fito a 1978, domin da ita ake koyarwa a jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama, kuma ita ce kakar furosesoshin Intel da AMD da ke cikin kwamfutocinmu na yau. Idan malaminku furosesar MIPS ko ta ARM ya zaɓa, hanyar ɗaya ce, sunaye ne za su canza.

Mataki na farko: lambobi, kafin komai

Ka ware mako biyun farko ga lissafin tushe biyu da na tushe goma sha shida, wanda ake kira heksa. Kowace lamba ɗaya ta heksa tana tsaye ne a madadin bit huɗu (bit ɗaya 0 ne ko 1), don haka abin da za ka riƙe guda goma sha shida ne kawai, daga 0000 zuwa 1111, wato daga 0 zuwa F. Ka maimaita su har idan ka ga B7 ka ga 1011 0111 ba tare da ka ƙirga da yatsu ba. Wannan ita ce haddar da na yarda da ita a kwas ɗin.

Sai lambobin da ke ƙasa da sifili. Kwamfuta ba ta da alamar ragi, dabara take yi: a juya kowane bit, sannan a ƙara ɗaya. Biyar a bit takwas ita ce 00000101. Juya ta, ta zama 11111010. Ƙara ɗaya, ta zama 11111011, wato FB a heksa, ita ce -5. Gwada tara su biyun da hannu, za ka ga sifili ya fito, ɗaya kuma ya zubo ta hagu. Abin lura a nan shi ne FB ɗin nan ita ce kuma 251 idan ba a ɗauke ta a matsayin mai alama ba. Bayit ɗaya, wato bit takwas, yana iya zama 0 zuwa 255, yana kuma iya zama -128 zuwa 127. Injin bai san wanda kake nufi ba. Kai ne ka sani, kuma rabin kurakuran da za ka yi nan gaba daga nan za su taso.

Mataki na biyu: zana injin

Buɗe sabon shafi. A hagu ka zana akwatuna huɗu: AX, BX, CX, DX. Kowanne bit 16 ne, kuma ana iya raba shi gida biyu, na sama da na ƙasa, kamar AH da AL. Ƙarƙashinsu ka sa SI, DI, BP, SP, sai CS, DS, SS, ES, sai IP. Waɗannan su ne rajistoci, ƙananan ma'adanai da ke cikin furosesar kanta. A dama ka zana dogon tsani mai matakai, kowane mataki bayit ɗaya da adireshinsa. Ita ce babbar ma'adana.

Duk aikin kwamfuta zagaye ɗaya ne da ake ta maimaitawa: a duba IP a ga adireshi, a ɗauko umarnin da ke wurin, a matsar da IP gaba, a fassara umarnin, a aiwatar. Umarni da bayanai kuma a ma'adana guda suke zaune, tsarin da ake dangantawa da John von Neumann tun rahotonsa na 1945. Kada ka ɗauki wannan a matsayin tarihin da ake rubutawa a jarrabawa kawai. Ranar da shirinka ya wuce inda ya kamata ya tsaya ya shiga aiwatar da bayananka kamar umarni ne, za ka gane ma'anarsa.

Mataki na uku: kayan aiki

Ga 8086, emu8086 ta wadatar. Tana aiki a Windows, ba ta da nauyi, tana nuna rajistoci da tutoci da ma'adana, kuma tana da maɓallin tafiya taki ɗaya. Masu MIPS su nemi MARS ko QtSpim. Ga ɓangaren ƙofofin lantarki da da'irar tarawa akwai Logisim. Wanda ba shi da kwamfutar kansa kada ya karaya. Shafin Compiler Explorer yana buɗewa a waya, ka rubuta ɗan shirin C a gefe guda ya nuna maka asembilinsa a ɗaya gefen. Kuma mafi yawan aikin da zan faɗa a ƙasa a takarda ake yin sa, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Mataki na huɗu: shirin farko, a bi shi da fensir

A nan za mu daɗe. Ga shirin tara lambobi daga 1 zuwa 10:

ORG 100h
MOV CX, 10
MOV AX, 0
sake: ADD AX, CX
LOOP sake
RET

Kada ka taɓa kwamfuta tukuna. Harafin h a bayan lamba yana nufin heksa ce; ORG 100h na nufin shirin zai fara daga adireshin 0100, RET kuma ita ke rufe shi. Ja layi uku a littafinka: umarni, AX, CX. MOV tana kwafar abin da ke dama ta zuba a hagu, don haka CX ta zama 10, AX ta zama 0. ADD ta tara su ta ajiye a AX, ta zama 10. LOOP tana rage ɗaya daga CX, idan bai kai sifili ba ta koma inda aka rubuta sake. CX ta zama 9, AX ta zama 19. Sai 8 da 27, 7 da 34, haka har ƙasa. Rubuta kowane layi, kada ka tsallake don kana ganin ka gane. A ƙarshe AX tana da 55, CX tana da sifili.

Yanzu ka buɗe emu8086, ka rubuta shirin, ka riƙa danna taki ɗaya kana dubawa da takardarka. Kafin kowane dannawa ka faɗi da bakinka abin da zai canza. Idan ya gama za ka ga AX tana nuna 0037. Na ga ɗalibai da yawa sun goge shirinsu a daidai nan suna zaton sun yi kuskure. Ba kuskure ba ne, heksa ce: uku sau goma sha shida 48, a ƙara bakwai, 55.

Kafin ka wuce, leƙa ma'adana daga adireshin 0100. Layin MOV CX, 10 ya zama bayit uku: B9 0A 00. Lambar 10 a bit 16 ita ce 000A, amma an fara ajiye 0A sannan 00, domin furosesoshin Intel ƙaramin bayit suke sa wa a gaba. Ka duba LOOP kuma, ta zama E2 FC. FC ɗin nan -4 ce ta hanyar juyawa da ƙara ɗaya da muka yi a sama, ma'ana a koma baya bayit huɗu, daga 010A zuwa 0106 inda ADD take. Darasi uku na handawut ga su nan a cikin bayit goma, kana ganinsu da idonka.

Sai a fitar da amsar a allo. A tsarin DOS, tsohuwar manhajar sarrafa kwamfuta da emu8086 ke kwaikwaya, ana sa 02h a AH, a sa harafin a DL, a kira INT 21h. Idan ka kwashi 55 ɗin nan ka zuba a DL kai tsaye, abin da zai fito shi ne 7. Dalili kuwa allo haruffa yake bugawa, ba lambobi ba, kuma a jadawalin ASCII, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, lambar 37h harafin 7 ce. Haruffan 0 zuwa 9 suna zaune daga 30h zuwa 39h. Saboda haka sai an raba lambar gida-gida, a ƙara wa kowane gida 30h. Sa waɗannan kafin RET:

MOV BL, 10
DIV BL
MOV BH, AH
MOV DL, AL
ADD DL, 30h
MOV AH, 02h
INT 21h
MOV DL, BH
ADD DL, 30h
MOV AH, 02h
INT 21h

DIV da bayit ɗaya tana raba AX, ta sa amsa a AL, ragowa a AH. Layi na uku shi ne wanda ake mantawa. Ragowar tana AH, kuma nan da layi uku za ka zuba 02h a AH ɗin, ka shafe ta. Dole a kwashe ta zuwa BH tukuna. Rajistoci kaɗan ne, kullum kana cikin lissafin wa ke riƙe da me, kamar mai girki da tukwane huɗu ranar suna.

Da 55 ta fito, kada ka tsaya murna, domin biyar da biyar ba za su nuna maka ko ka juya gidajen ba. Mayar da 10 ɗin CX ta zama 12, ya kamata ka ga 78. Sannan ka sa 14. Jimla 105 ce, amma allo zai nuna :5, ɗigo biyu da biyar. Zauna ka gano dalili da kanka kafin ka karanta jimla ta gaba. An raba 105 da 10, AL ta samu 10, an ƙara 30h ta zama 3Ah, wadda ita ce alamar ɗigo biyu. Gyaran wannan shi ne aikinka na gaba, kuma zai kai ka ga tari, wanda za mu zo kansa. Gwaji na ƙarshe, sa CX ta zama 0 tun farko. LOOP tana ragewa ne kafin ta duba, don haka sifili zai koma FFFF, shirin ya zagaya sau 65,536.

Mataki na biyar: tutoci da tsalle

Asembili ba shi da "idan kaza, yi kaza" irin na manyan harsuna. Abin da yake da shi tutoci ne, bit ɗai-ɗai da ke tashi ko su sauka bayan lissafi. Huɗu za ka fi buƙata: ZF idan amsa sifili ce, SF idan bit na ƙarshen hagu ɗaya ne, CF idan wani abu ya zubo a lissafin marasa alama, OF idan amsa ta fi ƙarfin wurin a lissafin masu alama. Ƙara musu layi huɗu a jadawalinka.

Misali biyu sun isa su raba maka CF da OF har abada. Sa FFh a AL ka ƙara 1: amsa 00, CF ta tashi, ZF ta tashi, OF ba ta motsa ba, domin -1 da 1 sifili ne, daidai ne. Sa 7Fh ka ƙara 1: amsa 80h, CF ba ta tashi ba, amma OF ta tashi, domin 127 da 1 sun ba da -128.

CMP ragi take yi ta jefar da amsar, ta bar tutoci kawai, sai umarnin tsalle ya duba su. JA da JB na marasa alama ne, JG da JL na masu alama. Kwatanta FFh da 01h: JA za ta yi tsalle domin 255 ta fi 1, JG ba za ta yi ba domin -1 ba ta kai 1 ba. Malamai suna son wannan tambayar, kuma suna da gaskiya, domin tana tona wanda ya fahimci mataki na farko da wanda ya wuce shi a guje.

Mataki na shida: adireshi da tari

Rajistocin 8086 bit 16 ne, amma layukan adireshinta 20 ne, suna kai wa megabayit ɗaya. Ana cike giɓin da rajista biyu: a ƙara wa ta sashe (CS, DS, SS ko ES) sifili ɗaya na heksa a dama, wato a ninka ta sau 16, sannan a tara da tazara. 1234h:0010h ya zama 12340h da 0010h, wato 12350h. Yi guda ashirin irin wannan, ka gama da shi. Ka kuma riƙe bambancin BX da [BX]: ta farko lambar da ke cikin rajistar ce, ta biyu abin da ke zaune a adireshin da lambar ke nunawa. MOV ba ta kwafa daga ma'adana zuwa ma'adana kai tsaye, sai an bi ta rajista, kuma ba a zuba lamba kai tsaye a DS, sai an bi ta AX ko wata irinta. Idan za ka buga jerin haruffa da INT 21h da 09h a AH, ka rufe ta da alamar $, in ba haka ba zai yi ta zubo tarkacen ma'adana har ya ci karo da wata $ a gaba.

Tari kamar jerin kwanukan da aka ɗora kan juna ne, na ƙarshen ɗorawa shi ake fara ɗauka. PUSH tana rage 2 daga SP ta ajiye, POP ta ɗauka ta ƙara 2. Wato tari ƙasa yake girma, ka zana shi haka. CALL tana ajiye adireshin dawowa a kan tarin, RET ta ɗauke shi. Idan ka yi PUSH a cikin ƙaramin shiri ka manta POP, RET za ta ɗauki lambarka a matsayin adireshi ta tafi inda ba ka aike ta ba. Na taɓa kwana a kan wannan, ina ta duba lissafina, alhali lissafin lafiyarsa ƙalau. Da na zana tarin a takarda, cikin minti biyar na ga PUSH uku da POP biyu.

Da tari ake gyara matsalar 105: a yi ta rabawa da 10, ana tura kowace ragowa kan tari ana ƙirgawa, har amsa ta zama sifili, sannan a riƙa ɗaukowa ana bugawa. Ragowar suna fitowa 5, 0, 1, tarin ya juyo su 1, 0, 5. Idan za ka raba da rajista mai bit 16, DIV tana haɗa DX da AX ne ta raba, don haka ka share DX kafin kowane rabawa.

Mataki na bakwai: sauri, jeren aiki da kesh

Rabin kwas ɗin na biyu lissafi ne, kuma ya fi sauƙi ga wanda ya bi sawun umarni da hannunsa. Lokacin da shiri ke ci shi ne yawan umarni, sau matsakaicin bugun agogo na kowane umarni, a raba da saurin agogo. Umarni biliyan ɗaya, bugu biyu kowanne, a furosesa mai gigahaz 2, daƙiƙa ɗaya ke nan. Daga nan za ka ga dalilin da ya sa yawan gigahaz shi kaɗai ba ya nuna wace kwamfuta ta fi sauri.

Jeren aiki kuwa, ka tuna shagon tela ana saura mako guda Sallah. Wani na yanka, wani na ɗinki, wani na aikin wuya, wani na sa maɓalli, wani na guga. Mai yanka ba ya jiran a goge rigar farko kafin ya kama ta biyu. Haka MIPS take raba umarni gida biyar: ɗaukowa, fassarawa, aiwatarwa, shiga ma'adana, rubuta amsa. Umarni 100 da za su ci bugu 500 idan ana yin su ɗaya bayan ɗaya, a jere bugu 104 za su ci: biyar na farkon, sannan ɗaya-ɗaya ga sauran 99. Matsala tana zuwa idan umarni yana buƙatar amsar wanda ke gabansa kafin ta kammala. Ana miƙa amsar kai tsaye daga mataki zuwa mataki don rage jira, amma idan daga ma'adana ake ɗauko ta kuma umarni na gaba yana son ta nan take, sai an tsaya bugu ɗaya. Zana jadawali, umarni a tsaye, bugun agogo a kwance, ka cike gidajen. Kada ka yi shi da ka.

Kesh ƙaramar ma'adana ce mai sauri kusa da furosesa, kamar kayan da mai shago ke jerawa a kanta don kada ya riƙa zuwa sito kowane ciniki. Idan samu a kesh bugu 1 ne, rashin samu yana faruwa sau 5 cikin 100, kuma zuwa babbar ma'adana bugu 100 ne, matsakaici shi ne 1 a tara da 0.05 sau 100, wato bugu 6. Ka lura yadda kashi biyar kacal ya ninka lokacin sau shida. Tambayar raba adireshi ma tana da hanya ɗaya. Kesh mai kilobayit 32, kowane layi bayit 64, adireshi bit 32, kowane yanki na ma'adana da layinsa guda: bayit 64 na buƙatar bit 6, layuka 512 na buƙatar bit 9, sauran 17 su ne shaidar da ake gane mai layin da ita.

Mataki na takwas: shirin jarrabawa

Ku haɗu ku uku ko huɗu, ba fiye ba. Kowa ya rubuto layi goma ya ba na kusa da shi ya bi sawu a takarda, sannan a sa a emu8086 a ga wa ya dace. Inda takarda da injin suka saɓa, nan ne karatun ranar, kada a tashi sai an gano layin da aka rabu. Tsofaffin tambayoyi a yi su da agogo, ba kwamfuta, tunda a zauren jarrabawa ma babu ita.

A zauren, idan aka ba ka shiri aka ce ka faɗi amsa, ja jadawalinka a cikin takardar amsa, ba a bayan takardar tambaya ba, domin malami ya ga tafiyarka ko da ka yi tuntuɓe a layi na takwas. Rubuta h a bayan duk lambar heksa. Idan kai aka ce ka rubuta shiri, fara da faɗin aikin da ka ba kowace rajista, misali CX ƙirga, SI adireshin jeri, AX jimla, sannan ka sa ɗan bayani a gefen kowane layi bayan alamar waƙafi mai ɗigo. Idan lokaci ya rage, ɗauki ƙaramin misali, jeri mai lamba uku, ka bi shirin naka da shi daga layin farko zuwa RET.